Kunnuwan Na-Faɗa

Shekara goma sha ɗaya ina shafa wa ƙanena hoda a goshi kafin ya zauna gaban kyamara, saboda haka in ana neman wanda ya san Na-Faɗa, a fara da ni. Ni ce mai kwalliya a gidan talabijin ɗinmu, ni ce kuma yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. A gida Auta muke ce masa. A wurin aiki ya hana, wai sunan yana rage masa kwarjini.

Yadda ya zama mai sharhin siyasa ma abin a ba da labari ne. Wata rana na manta jakar kayan aikina a gida, na yi waya ya kawo min. Ya zo sanye da kwat ɗin da ya ara don neman wani aiki da bai samu ba. Baƙon shirin ranar ya ƙi zuwa, saura minti huɗu a fara, Manaja ya waiga ya ga mutum a tsaye da kwat da gashin baki, ya ce a zaunar da shi. Aka tambaye shi yadda yake ganin rikicin da ya ɓarke a majalisa. Auta, wanda ba ya buɗe jarida sai in zai shimfiɗa ta ya zauna, ya gyara wuyan riga ya ce, "Wannan abin da ya faru, ai na faɗa." Babu wanda ya tambaye shi yaushe, ko a gaban wa. Daga ranar kujera ta zama tasa, suna kuma ya bi shi.

Sana'ar ba ta da wuya. Kafin abu ya faru sai ya lumshe ido ya ce, "Komai na iya faruwa, masu hankali kuma sun san inda na dosa." Bayan ya faru sai ya daki tebur ya ce ai ya faɗa. Da haka ya yi sharhi a kan zaɓe uku, da rushewar jam'iyyu biyu, da murabus ɗin ministocin da bai iya faɗin sunansu daidai ba. Abu ɗaya ne ke tona shi, kuma ni kaɗai na sani: duk lokacin da ya shirga ƙarya, goshinsa sai ya tsatso da gumi. Gwangwanin hodar da ke yi wa masu karanta labarai wata uku, shi a mako biyu yake tashi da shi.

Ana saura mako guda zaɓen magajin gari, Manaja ya leƙo ɗakin kwalliya ina tsaka da aiki a kan goshin.

"Na-Faɗa, masu kallo sun hana ni sakat. Saƙo a kan saƙo, tambaya guda: yaushe ya faɗa?"

"Hassada ce, Yallaɓai."

"To mu rufe bakin mahassada. Zaɓe ranar Asabar ne. Kafin Alhamis ta wuce ka zauna gaban kyamara ka faɗi wanda zai ci. Suna ɗaya nake so, ba 'komai na iya faruwa' ba. Ka ba Almakashi mai yanka bidiyo ya ajiye faifan, kada kowa ya kalla, har ni. Ranar sakamako mu saka shi kai tsaye. In ka dace, kujera taka ce, har sunanka zan sa a jikin shirin. In ka kuskure, ka ajiye min kujerata."

"Wannan ai kamar ka ce in faɗi sunan unguwarmu ne, Yallaɓai."

Manaja ya fita. Na dubi goshin da na gama shafewa, na sake buɗe gwangwani.

'Yan takara uku ne. Akwai Lauya, wanda hotonsa ya rufe kowace katanga a gari. Akwai Mai Siminti, wanda motocin kamfensa suka hana marasa lafiya barcin rana. Sai Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ta yi ritaya, wadda ke yawon neman ƙuri'a a ƙafa da lema a hannu.

Washegari Auta ya sanar cewa zai yi "bincike mai zurfi a cikin jama'a." Zurfin binciken bai wuce shagon mai aski da ke bakin layinmu ba. Na biyo ta wurin zan tafi aiki, na tsaya a ƙofa. Yana zaune an ɗaure masa ƙyalle a wuya, Tela da bakanike suna kan benci suna jiran layi.

"Ku faɗa min wanda za ku zaɓa, Lauya ko Mai Siminti?"

"Malama," in ji Tela.

"Malama," in ji bakanike.

"Ba ku fahimci tambayar ba. Na ce Lauya ko Mai Siminti."

Mai aski ya ce, "Ranka ya daɗe, kai sittin nake askewa a mako. Hamsin daga ciki Malama suke kira. Ita ta koya wa rabin garin nan rubuta sunansu, ita ta yi ta zarya har aka gyara mana famfon layi."

"Motocinta nawa?"

"Ko keke ba ta da shi."

"Ka ji! Kai aikinka wajen kai ne, Malam. Cikin kai namu ne. Siyasa ilimi ce, ba hirar benci ba. Tun bara na faɗa, na ce..."

Ya ɗaga hannu zai daki tebur kamar yadda ya saba, ya manta babu tebur, ya juyo da fuska da ƙarfi. Injin aski na kan hanyarsa ta zuwa gefen kunne, sai ya gamu da leɓen sama. Ƙiiit! Rabin gashin baki na hagu ya sauko a kan ƙyalle.

 Can Tela ya yi gyaran murya.

"Wannan ma ka faɗa?"

Mai aski ya yi ta ba da haƙuri, ya ce bari ya sauke ragowar a huta. Auta ya dafe rabin da ya tsira da hannu biyu.

"Kul! Mutum miliyan guda suka san ni da gashin bakin nan."

"To yanzu rabin miliyan za su gane ka," in ji bakanike.

Da yamma ya same ni a gida, hankici a baki kamar mai ciwon haƙori.

"Yaya, ke ce uwa ke ce uba. Abu biyu nake so. Na farko ki zana min rabin nan da jagira."

"Na biyu fa?"

Ya leƙa tsakar gida ya tabbatar Inna ba ta kusa, ya rage murya. "Manaja ya ce suna ɗaya, amma bai ce bidiyo ɗaya ba. Zan ɗauki biyu. Ɗaya Lauya, ɗaya Mai Siminti. Ranar sakamako, wanda ya ci shi za a saka. Kin ga basira?"

"Na ga hanyar kora daga aiki. Malama fa?"

"Yaya, muna maganar siyasa kina kawo lema."

Na so in ƙi. Amma ni na goya yaron nan, kuma ban taɓa iya ce masa a'a ba in ya marairaice. Wannan laifina ne, na kuma yarda.

Ranar Alhamis da sassafe, kafin ma'aikata su iso, muka shiga situdiyo mu biyu. Na zana masa gashin baki, ya fito ras, in dai ba ka matso kusa ba. Ya nuna min wani jan maɓalli a jikin kyamara ya ce in danna. Na danna. Ya gyara zama, ya nuna kyamara da yatsa.

"Jama'a, kun san ni, ni mutum ne mai magana ɗaya. Yau Alhamis, ku rubuta ku ajiye: Lauya ne zai ci zaɓen nan. Wanda bai ga haka ba, ya nemi tabarau."

Gumi ya karyo, jagira ta fara laushi. Na je na gyara masa, muka ɗan taɓa hira irin ta 'yan gida. Sannan ya koma ya maimaita maganar kalma da kalma, har da tabarau, sunan kawai ya canza zuwa Mai Siminti. Da ya gama ya zo ya kashe kyamara da kansa. Ya ce in danna in fara, bai ce in sake dannawa a tsakani ba, ni kuwa mai hoda ce.

Almakashi shi ne mai yanka bidiyo da saka shi a iska. Yana zaune a wani ɗan ɗaki mara taga, gabansa allunan talabijin da maɓallai, kuma shekara ashirin bai taɓa tambayar dalilin wani abu ba. Abin da ka ce ya danna shi zai danna. Auta ya gaya masa wai sabon salo ne da manyan gidajen talabijin suke yi.

"Ka yanka su. Na Lauya shi ne na ɗaya, na Mai Siminti na biyu. In ka ga na taɓa kunnen dama, saka na ɗaya. In na taɓa na hagu, saka na biyu."

"Dama ɗaya, hagu biyu," in ji Almakashi, yana rubutawa a tafin hannu. "Abin da ke tsakani fa?"

"Kai dai bi kunne!" Auta ya riga ya kai ƙofa.

Aka yi zaɓe ranar Asabar lafiya. Sakamako sai Litinin da rana. Kafin nan Auta ya bi layinmu gida gida yana gayyatar mutane su taru a shagon mai aski su ga yadda ilimi yake aiki. Ya rubuta wa kowa lambar da masu kallo ke kira. Har Inna ya sa wa lambar a waya, ya nuna mata inda za ta danna in tana so ta sa masa albarka a gaban duniya.

Ranar Litinin na'urar sanyaya situdiyo ta mutu. Fitilu takwas suna dukan kujerar sharhi. Na zana gashin baki, na bi shi da hoda har sau uku, aka maƙala masa ɗan abin sauraro a kunnen hagu, wanda ta nan ake yi wa na kan kujera magana daga ɗakin Almakashi. Na koma bayan kyamara na tsaya da gwangwanina.

Mai gabatarwa, mace mai sanyin murya da ba ta taɓa ɗaga gira a banza ba, ta fara karanto sakamako mazaɓa mazaɓa. Uku na farko duk Lauya ne a gaba. Mai hankali zai jira. Auta ya daki tebur.

"Ai na faɗa! Kuma yau da shaidata na zo. A saka!"

Ya kama kunnen dama ya ja, yana murmushi.

Abin da basirarsa ba ta lissafa ba shi ne, Almakashi a allo yake ganinsa, fuska da fuska. Damar Auta tana hagun Almakashi. Ya duba tafin hannunsa, hagu biyu, ya danna. Sai ga Auta ya cika allo yana nuna mu da yatsa: shi mutum ne mai magana ɗaya, Mai Siminti ne zai ci, wanda bai gani ba ya nemi tabarau.

"Mai Siminti ka ce," in ji mai gabatarwa, "shi ne kuwa na uku a yanzu. Amma da na karanta Lauya ka ce ka faɗa."

"Na faɗa cewa... zai fara gaba. Sharhina yana da hawa hawa, ranki ya daɗe. Ki jira ƙuri'un bakin kasuwa."

Ya faɗi haka ne don ya sami abin faɗa. Sai ga takarda an miƙo. Mazaɓun bakin kasuwa huɗu, Mai Siminti ya kwashe su, ya haye gaba. Wallahi har ni sai da na saki baki. Ƙanena ya tsira. Abin da ya rage masa kawai ya zauna shiru ya ajiye hannuwansa a cinya.

"Me na ce miki? Me na ce?" Ya miƙe rabi, ya daki tebur har kofin ruwa ya yi tsalle. "Ina masu tambayar yaushe na faɗa? Ga ranar, ga sunan! Ni ba na magana biyu!"

Dukan teburin ya fizgo abin sauraro daga kunnensa na hagu, ya sauko yana lilo a kafaɗa. Ya kai hannu ya mayar da shi, ya danna da yatsa sosai don ya zauna. A ɗaki mara taga, Almakashi ya ga hannu a kunnen da ke damarsa. Dama ɗaya.

Kwat ɗaya, kujera ɗaya, yatsa ɗaya. Mutum mai magana ɗaya ya sake cika allo, ya ce mu rubuta mu ajiye, Lauya ne zai ci.

Da aka dawo da hoto situdiyo, a karon farko na ga girar mai gabatarwa ta ɗaga.

"Wanne daga cikinku za mu rubuta mu ajiye?"

"Na farkon hasashe ne. Na biyun... gargaɗi ne."

"Ga wa?"

"Ga masu hankali."

"Bari mu ji ko akwai su a kan layi. Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Tela ne, daga layinsu Na-Faɗa." Bayansa ana jin shago ya kaure da dariya. "Ni tambayata a kan kwat ɗin nan ce. Ni na ɗinka shi, kuma awon mutum ɗaya na ɗauka. Ya aka yi na ga mutum biyu a ciki?"

"Wannan ba tambayar siyasa ba ce!"

"To ga ta siyasa. Tabarau guda nawa za mu saya? Ɗaya na ganin Lauya, ɗaya na Mai Siminti?"

Goshi ya ɓalle kamar an kunna famfo. Gumin ya bi gefen hanci ya isa inda na yi aiki. Ina kallo, jagira ta narke ta fara gangarowa, baƙin layi ya ratsa leɓe ya nufi haɓa. Na yi ta yi masa alama da hannu ya goge. Ya ɗauka jinjina nake masa, ya gyaɗa min kai.

"Muna da wani kiran," in ji mai gabatarwa.

"Auta? Auta, kana jina?" Muryar Inna ta cika situdiyo, da ƙarfin wadda ta yi imani waya ba ta kai magana sai an taimaka mata. "Gashin bakinka yana zuba, ɗan nan! Na hagu! Ina yayarka take, ta bar ka haka a gaban mutane?"

Mai kyamara ya cusa hula a baki, kafaɗunsa suna rawa. Auta ya shafa leɓe ya dubi yatsunsa baƙi ƙirin, ya ce, "Inna, don Allah!" Ya ɗora hannu biyu a ka, ya toshe kunnuwansa duka biyun.

Almakashi mutum ne mai tsari, kuma bai taɓa zubar da ko ƙyallin bidiyo ba. Dama ɗaya, hagu biyu. Duka biyun kuwa, ɗaya da biyu uku. Ya danna na uku, wato abin da ke tsakani.

Sai ga ni a allo, na duƙa da jagira a hannu, ga Auta ya miƙo leɓe.

"Auta, tsakaninka da Allah, wa zai ci?" in ji ni ta cikin allo.

"Yaya, ina na sani? Ni tunda nake ban taɓa sanin abu kafin ya faru ba. Wa ya sani? Ka dai daki tebur da ƙarfi, shi ke nan."

"Mai aski ya ce Malama."

"Mai aski! In Malama ta ci zaɓen nan, in sauka daga kujerar nan in ba shi ya hau, ni kuma in koma shagonsa ina riƙe wa mutane madubi. Ƙara min baƙi a nan gefen."

Na so ƙasa ta tsage in shige.  A daidai lokacin aka miƙo wa mai gabatarwa takarda ta ƙarshe. Mazaɓun unguwanni goma sha tara ne suka shigo a tare. Ta karanta a hankali, ba ta ƙara ko kalma ɗaya tata ba. Malama ta ci, da ratar da ko an haɗa ƙuri'un Lauya da na Mai Siminti ba su kamo ta ba.

Daga nan Auta ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya ɗauko "Ai na..." don sabo, sai ya haɗiye.

Ana rufe shiri Manaja ya shigo, hawaye a idonsa don dariya. Ni ya ce zai yi magana da ni daga baya, kuma ya yi, har kunnena ya yi zafi. Ya dafa kafaɗar Auta.

"Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da za ka faɗi abu a gaban shaidu. Yau ka faɗa. Tashi min daga kujera, kuma ka ba ni lambar mai askin nan."

Yanzu duk ranar Laraba mai aski ne ke zama a kujerar sharhi. Ba ya dukan tebur. Yakan ce, "Kai sittin na aske, ga abin da suka ce," in bai sani ba kuma ya ce bai sani ba. Sau ɗaya nake shafa masa hoda, gwangwani ya koma yin wata uku.

Auta ya yi kwana tara bai fito ba. Na goma Tela da bakanike suka yi sallama a ƙofar gida, suka ce layi yana jira, alkawari aka yi a gaban mutum miliyan. Ya fita. Ban iya zuwa kallo ba sai bayan mako biyu, don tausayinsa nake ji har cikin raina, ko da yake shi ya jawo wa kansa, da taimakona.

Na tarar shagon a cike, har da mutanen wasu unguwanni da suka zo askin da ba su buƙata. Auta yana tsaye bayan wani dattijo, ya aske ragowar gashin bakin, madubi a hannu, yana juya shi dama da hagu don mutumin ya ga ƙeyarsa. Baki kuwa bai mutu ba.

"Ku tsaya ku yi tunani," yake ce wa benci. "Tun ranar Alhamis, kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, wa ya ce mai aski zai hau kujera? Ni. Wa ya ce zan riƙe madubi? Ni. To wa ke kan kujera yau, wa ke riƙe da madubi?"

"Kai ne, Auta," benci ya amsa baki ɗaya.

"Ai na faɗa."

Hannuna ya tafi jaka neman gwangwani, don sabo. Na matsa kusa na dubi goshinsa. A bushe yake ƙamas.